Farke Ɗinki

Ranar Laraba na yanka shaddar Malam Rabe,
almakashi ya zarce da yatsa biyu.
Yatsa biyu kacal.
Amma kafin a kira la'asar a Ƙofar Marusa
zuciyata ta mai da su kamu goma.

Da dare na kwanta, ita ta tashi,
ta ɗora keke a ƙirjina tana takawa:
"Shekara sha tara kana ɗinki, ga iyakar gwanintarka.
Gobe duk layin teloli zai ji,
jibi masu kawo aiki su ɗauke ƙafa,
gata mai shago ya karɓi makullinsa."
Kafin asalatu ta kai ni tasha da ƙunshin kaya,
alhali ina kan katifata,
Lantana na barci, fanka na juyawa.

Da safe Baba Nalado mai gyaran agogo
ya dube ni ta saman tabarau:
"Wa ya rasu?"
Na faɗa masa. Bai yi dariya ba.
Ya kife agogon da ke hannunsa, ya ce,
"Zuciya tela ce mai gaggawa.
Ka ba ta ƙyalle ɗaya, ta haɗa da tsumman bara,
ta ɗinka maka riga, ta ce sa ka fita.
Kai kuwa ka san aikinka.
In ɗinki ya karkace ba a yaga riga,
zama ake yi a farke,
zare bayan zare."

Na zauna a bencinsa, na ɗauko maganar jiya.
Na yanka ba daidai ba.
Wannan ta tabbata, na bar ta a wurinta.
Kowa zai ji.
Wa ya gaya mini? Babu. Na zare ta.
Ban iya komai ba.
Sai ga wani ya wuce a kan babur
sanye da kaftanin da na ɗinka masa tun sallar waccan,
wuyan bai ko motsa ba.
Ita ma na zare.
Da na gama, abin da ya rage a tafin hannuna
yatsa biyu ne,
daidai abin da mutum zai iya ɗauka
ya kai har ƙofar gidan mai shi.

Malam Rabe ya ɓata rai.
Ya faɗi wadda ta yi zafi, na biya kuɗin yadi,
kuma har yau bai dawo ba.
Shagon dai yana buɗe.

Yanzu in ta tashe ni tsakar dare
ba na kokawa da ita.
Nakan kira abin da sunansa:
kai ne tsoro, ke ce kunya, ku zauna.
In ja numfashi a hankali kamar mai zura allura,
sannan in tambaya:
gani kika yi, ko zato?
Sau da yawa sai ta sunkuyar da kai.

Wani daren ba ta sunkuyarwa.
Sai in jira gari ya waye,
in taka har gindin Gobarau in dawo,
in faɗa wa Lantana tun shayi bai huce ba.
Baba ma ya ce akwai shekarar da zarensa ya cukurkuɗe,
farce ya kasa, haƙori ya kasa,
sai da ya je asibiti aka taya shi.
"Ni da ake kawo wa agogo," in ji shi,
"zan ji kunyar kai nawa?"

Guntun shaddar nan yana nan,
na soke shi da fil a saman kekena.
In rana ta yi nauyi nakan ɗaga ido
in auna shi da yatsu.
Bai ƙaru ba.